Kwamfutar ɗan yayata da lissafin randa

Ranar wata Juma'a bayan la'asar, bazara ta tsananta, yayata ta aiko jikarta ta kira ni. Na same ta a gindin dogon yaron tsakar gida, kaskon suyar ƙuli-ƙuli a gefe, wutar ta mutu ba ta ma kula ba. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kai ne malami a gidan nan. Ina so ka je ka duba mini abin nan da na saya wa yaron nan. An ce mini ta wasa ce."

Yaron da take nufi shi ne autanta, yana shekara ta biyu a jami'a nan Maraɗi, yana karatun gine-gine. Tun farkon shekara yake damunta cewa karatun ba zai yiwu ba sai da kwamfuta mai ƙarfi, saboda zanen gidaje da ake ba su. Kuɗinta jikka 650 na sefa. Mahaifinsa ya rasu tun yana CM1, don haka duk wani kuɗin karatu daga man gyaɗa da ƙuli-ƙuli yake fitowa. Ta ɗauki adashenta, ta sayar da san da take kiwo, ta ranto cikon a wajen wata ƙawarta. Mu malamai mun san wata nawa za mu yi muna karɓar albashi kafin mu haɗa wannan adadi, ko da ba mu ci ba mu sha ba. Kwana ashirin da sayen, ɗiyar maƙwabta wadda ke lise ta leƙa ɗakinsa, ta ga madannan suna walƙiya ja da kore da shuɗi, ta fito ta ce, "Iya, ai wannan irin ta ƴan wasa ce."

Kuɗin sun dami yayata, amma abin da ya hana ta barci shi ne tunanin ko ɗanta ya dube ta ido cikin ido ya yi mata ƙarya. Ni kuwa sanin da na yi wa kwamfuta bai wuce wata tsohuwa da nake buga jarrabawa da makin yara da ita ba. Tun da dai an ce malami, babu yadda zan yi. Na bari sai bayan isha'i, na nufi fadarsu.

Fadar kamar kowace fada ce: benci biyu, tabarma, butar shayi bisa gawayi, da doguwar waya da suka jawo wuta da ita daga shagon wani tela. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne kwamfutoci uku a buɗe bisa tebur, fankokinsu suna huci kamar an tayar da ƙaramin injin niƙa. Ta ɗan yayata sabuwa ce, wani ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ya kawo ta. Ta biyu ta wani ɗan Damagaram ce, yayansa ya aiko masa daga Faransa. Ta uku ta hannu ce, wani dogon yaro mai gilashi ya sayo a Kano. Duka ukun ba su fi wata biyu a hannun masu su ba. Da suka gan ni suka miƙe, aka ba ni kujera, ɗan yayata ya ce, "Kawu, lafiya dai?" Na ce lafiya lau, shayi na zo sha, su ci gaba da hirarsu. Da farko sun ɗan ɗaure, amma mai sabon abu ba ya iya yin shiru a kansa. Kafin kofin farko ya ƙare sun manta da ni.

Hirar ta fara ne daga wahalar makon farko. Ɗan yayata ya ce daren da ya kunna ta ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa, kafin gari ya waye Windows ta cinye masa forfen wata guda wajen sabunta kanta. Mai gilashi ne ya nuna masa inda ake gaya wa kwamfuta cewa intanet ɗin nan a ƙirge yake, kada ta sauke komai sai an ba ta izini. Suka ce akwai wasannin da girman guda ɗaya ya wuce giga 100, alhali ma'ajiyar kwamfutar giga 512 ce gaba ɗaya, don haka wasa uku ko huɗu sun isa su cika ta. Sun kuma ɓata yini guda suna cire tarkacen manhajojin da ake zubowa a ciki tun daga kanti, waɗanda ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna ta.

Sai maganar madannai, wadda ni ma na fahimta nan take. Mu a nan da tsarin Faransa muka saba, wanda layinsa na sama ya fara da AZERTY. Ta Dubai da ta Kano kuwa QWERTY ne, ta ɗan yayata har da baƙaƙen Larabci a jiki. Yaron da zai rubuta rahoto da Faransanci yana bukatar é da è da ç a kowane layi, ga shi babu su. Ya sauya tsarin daga ciki, ya sayo ƴan takardu masu gam ya manna bisa madannan. Da na yi ƙorafin cewa duka biyun babu wanda ya san da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ namu, ɗan Damagaram ya ce, "Malam, ai akwai tsarin Hausa a cikin Windows, ƙara shi kawai ake yi." Ya nuna mini. Shekara nawa ina buga k da waƙafi a sama, ashe abin yana nan cikin tsohuwar tawa ma.

Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Unguwa ta yi duhu, fuskokin kwamfutocin suka rage haske, kuma abu na farko da mai gilashi ya yi shi ne zare duka cajojin daga jikin waya. Ya ce lokacin da wuta ke dawowa ne ta fi yin ɓarna, cajar irin wannan kwamfuta kuwa ba a samunta a kowane shago. Na ɗauki ta ɗan yayata na auna a hannu, ta kusa kai nauyin rabin bulo, an rubuta wat 180 a jikinta. Tawa ta gida wat 45 ce. Ta ɗan Damagaram wat 230.

Daga nan gardamar batir ta tashi, kuma a nan ne na ajiye kofina. Ɗan yayata yana ƙorafin cewa mai sayarwa ya ce masa za ta yi awa shida, amma ranar farko da ya je da ita aji ko awa biyu da rabi ba ta yi ba. Mai gilashi ya ce ya daina kuka ya yi lissafi. Batirinsa yana ɗauke da wat-awa 60, haka aka rubuta, 60 Wh. Suka buɗe wata ƴar manhaja mai nuna abin da kwamfuta ke sha a kowane lokaci. Yadda ya saba barinta, haske a ƙure, madannai na walƙiya, tana shan wat 25 ko fiye. Ɗan yayata ya ɗaga kai sama ya ce, "60 a raba da 25, awa biyu da minti 24." Suka rage haske, suka kashe fitilun madannai, suka sauya wasu abubuwa, ta sauko wat 12. "Awa biyar," in ji shi, tun kafin wani ya buɗe baki. Idan kuwa wasa ake yi babu wuta, tana shan kusan 60, awa ɗaya ke nan, kuma wasan ma ba ya tafiya da kyau, domin batir ba ya iya ba ta ƙarfin da caja ke ba ta.

Ƴan uwa malamai, kun gane wannan lissafi. Randa mai cin lita 60 tana yoyon lita 12 a kowace awa, awa nawa za ta yi kafin ta ƙare? Ni na koyar da yaron nan a CM2. Na tuna ranakun da na tsare shi bayan an tashi saboda wannan tambaya ta randa, yana kallon allo kamar an rubuta da harshen Sin, ni ina ta ɗaga murya. Ga shi yau a cikin duhu, babu alli babu littafi, yana raba 60 da 25 da ka, har yana mayar da ragowar zuwa minti. Randar ba ta taɓa zama tasa ba, batirin kuwa nasa ne.

Na tambaye su me ya sa kamfanonin ba za su sa babban batir kawai a huta ba. Ɗan Damagaram ya ce akwai iyaka: dokar jiragen sama ba ta barin fasinja ya shiga da batirin da ya wuce 100 Wh sai da izini na musamman, shi ya sa masu ƙera kwamfutar hannu suke tsayawa a 99 da ɗoriya, komai tsadarta. Tasa 90 ce. Injin da ke iya shan wat 150 ko 200 idan yana cikakken aiki, ko an ba shi mafi girman batirin da doka ta yarda, bai wuce rabin awa ko ɗan fiye ba. Wato an ƙera ta ne don ta zauna kusa da bango. Batirin na kai ta daga wannan bango zuwa wancan ne kawai, ko na ƙaramin aiki irin rubutu da karatu.

Suka bayyana mini dalilin cin wutar. A cikinta akwai injin hoto guda biyu. Ƙarami yana haɗe da ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya isa rubutu da kallon bidiyo, ba ya shan wuta sosai. Babban kuwa, wanda su ke kira kart garafik, shi ne dokin sukuwar. Idan aka bar kwamfutar a tsarin da take zaɓar wanda ya dace da kanta, babban yana barci sai an bukace shi. Idan aka tilasta ta ga babban kullum, kamar yadda ƴan wasa ke so, batir ya tafi. Ɗan yayata ya yi mako biyu yana zuwa aji da dokin a ɗaure da sirdi, yana rubutu kawai.

Mai gilashi shi ne ya fi su sanin ciwon batir, domin ta hannu ya saya. Ya nuna mana wani rahoto da Windows ke fitarwa, mai nuna abin da batir ke ɗauka ranar da aka ƙera shi da abin da yake ɗauka yau. Nasa an ƙera shi da 70, yanzu 41 yake riƙewa. Ya ce da ya san da wannan rahoto kafin ya biya, da ya rage kuɗi. Abu biyu ne ke tsufar da irin wannan batir: zafi, da zama a cike maƙil kullum a jikin caja. Don haka dukansu sun saita nasu ya tsaya a kashi 80 cikin ɗari. Zafi kuwa ba sai an gaya wa ɗan Maraɗi ba. Yawancin masu ƙera su suna rubuta cewa a yi aiki da su a wurin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna haura 40. Idan ƙwaƙwalwarta ta doshi digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace. Shi ya sa suka ɗaga bayan kowace da marfin kwalba biyu don iska ta shiga ta ƙasa, suka haramta ɗora ta bisa katifa ko matashi, kuma suna fargabar hunturu, lokacin da ƙura za ta toshe fankokin.

Har lissafin wutar gida sun yi. Wat 150 sau awa huɗu kowane dare ya ba da wat-awa 600, daidai da fankar sama mai wat 60 ta kwana awa goma tana juyawa. A wata guda kilowat-awa 18 ke nan. Mai gilashi ya ce ƙaramin faifan sola da ke gidansu a ƙauye, mai wat 100, yana cajin wayoyin gida duka da fitilu, amma ba zai iya riƙe ta ba idan tana cikakken aiki.

Da wuta ta dawo aka koma maganar fuska, wadda su ke kira ekaran, kuma nan ne gardama ta fi zafi. Ta ɗan Damagaram irin OLED ce, kowane ɗigo yana ba da haskensa, inda hoto ya yi baƙi ɗigon a kashe yake, don haka launukan suna fita kamar a taɓa. Sauran biyun suka ce sun yarda tana da kyau, amma tana sheƙi kamar madubi, da rana fuskarka kake gani a ciki, kuma idan abu ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya shekara da shekaru yana iya barin inuwarsa. Nasu irin IPS ne marasa sheƙi, baƙinsu ya ɗan yi toka-toka, amma sun fi haƙuri. Sai yawan ɗigo: ta ɗan yayata 1920 sau 1080, wato ɗigo 2,073,600, ta ɗan Damagaram 2560 sau 1600, wato 4,096,000, kusan ninki biyu. Rubutu da siraran layukan zane sun fi fita a ta biyun, amma injin hoto yana yin aiki ninki biyu kafin ya cika ta, ga ƙarin wuta, ga ƙarin zafi. Mai gilashi ya ce shi abin da ya fi damunsa haske ne: tasa ba ta wuce 250 ba a ma'aunin da ake kira nit, idan ya zauna a inuwar bishiya da rana da ƙyar yake ganin rubutu, ta ɗan Damagaram kuwa mai 400 ana gani sarai.

Ɗan yayata ya ga ana neman kayar da shi, sai ya jawo abin da yake taƙama da shi. Tasa tana sabunta hoto sau 165 a sakan guda, alhali kwamfutar ofis sau 60 take yi. Ya ce saboda wannan ne ya zaɓe ta a kan wata da ta fi ta araha, domin idan abu yana gudu a fuska ba ya yankewa, kana ganin abokin karawa kafin ya gan ka. Ya faɗi haka da zumuɗi, ya manta wanda ke zaune a bayansa.

Na ce, "Kai, zanen gida gudu yake yi?"

Fadar ta yi tsit, sai hucin fankoki. Mai gilashi ya sunkuyar da kai yana gyara gawayi. Ɗan yayata ya ce a hankali, "A'a, Kawu."

Ban ƙara komai a gaban abokansa ba. Na ce ya nuna mini aikin makarantar. Ya buɗe zanen wani gida mai ɗaki uku, layuka da ma'aunai, ya yarda da bakinsa cewa wannan ko ƙaramar kwamfuta za ta iya. Sannan ya buɗe wani, gidan a tsaye kamar an gina shi, yana juya shi ta kowane ɓangare, ya sa rana ta faɗo ta gabas, inuwar katanga ta kwanta a tsakar gida. Ya ce irin wannan ne ke bukatar babban injin hoton, kuma shekara mai zuwa za su shiga cikinsa sosai. Nasa RTX 4050 ne mai giga 6. Har ya gargaɗe ni, ko wani zai tambaye ni, cewa suna ɗaya ba ƙarfi ɗaya ba ne: wani kamfani yana ba wannan injin wat 35, wani yana ba shi har 115, kuma ba kullum ake rubuta hakan a jikin kwali ba. Na ga yaron ya san abinsa. Na kuma ga cewa abin da ya gaya wa uwarsa gaskiya ne, sai dai ya yanke mata rabi ya riƙe rabi.

A hanyar gida na yi niyyar yi masa faɗa, sai wani abu ya riƙe mini harshe. A 2002 ina makarantar horar da malamai, na koma ƙauye na ce wa mahaifinmu ina bukatar rediyo mai kaset don in riƙa sauraron Faransanci, harshena ya gyaru. Tsoho ya sayar da buhun wake ya saya mini. Abin da ban faɗa masa ba shi ne gasar cin kofin duniya za a fara a Koriya da Japan, kuma akwai kaset-kaset na waƙa da nake ta aro ba ni da abin sa su. A wannan rediyo na ji Senegal ta ci Faransa ɗaya da nema a wasan farko, ranar 31 ga Mayu, muka yi ta ihu a ɗakin kwana. A ita kuma na koyi cewa manyan batura shida suna yin makonni idan tasha ake saurare, amma kwana kaɗan idan kaset ke juyawa. Faransancin ma na koya, ba ƙarya. Amma har tsohon ya rasu ban taɓa gaya masa ɗaya rabin ba, kuma har yau idan na tuna buhun waken nan sai in ji wani abu ya tsaya mini a wuya.

Wannan labarin na ba ɗan yayata maimakon faɗan. Na ce masa ni ba zan kai rahoto ba, shi zai kai, ni dai zan zauna a gefe.

Washegari da safe muka same ta tana ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa ya gaya mata cewa karatunsa yana bukatar kwamfuta, nan gaba ma mai ƙarfi, amma a bana wadda ba ta kai rabin kuɗin nan ba za ta ishe shi, kuma son wasa yana cikin abin da ya sa ya zaɓi wannan. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga baya ta ce, "Da ka faɗa mini haka, wataƙila da na saya maka ita ɗin dai, amma da na jira bayan kaka, ban ci bashi ba." Ta juyo gare ni: "Za ta yi masa karatun?" Na ce za ta yi, har ya gama, idan ya kiyaye ta daga zafi da ƙura. Aka tsayar cewa bashin ƙawarta a wuyansa yake. Yanzu yana buga wa ɗalibai ƴan shekarar ƙarshe kundinsu, yana haɗa bidiyon biki wa wani mai ɗaukar hoto, aikin da babban injin nan ya dace da shi. Ya biya kashi ɗaya cikin uku. San dai ya tafi, kuma ban ce muku ya daina wasa ba.

Iyaye da yawa za su sha irin wannan roƙo nan da ɗan lokaci, daga ƴaƴan da suka ci bak ko suke jami'a. Mafi yawanmu hanya biyu muka sani: ko mu ƙi gaba ɗaya don ba mu gane abin ba, ko mu biya ido rufe don kada a ce mun tauye karatu. Abin da na koya a fadar nan shi ne ba sai ka san kwamfuta ba kafin ka yi tambaya mai kyau. Ka zaunar da yaron ka ce ya faɗi sunan manhajar da malamansa suka ce a yi aiki da ita, da shekarar da za a fara, in da hali a ji daga bakin malamin. Ka ce ya karanta maka adadin Wh na batirin, ya raba da abin da take sha, ya gaya maka awa nawa za ta yi a aji ranar da babu wuta. Ka ce ya ɗaga ta tare da cajarta, kilo uku ko kusa, ya tuna kullum zai goya ta. Ka tambaye shi inda za a gyara ta idan ta lalace, domin takardar garantin da aka bayar a wata ƙasa ba ta cika amfani a nan ba. Idan ta hannu ce, a buɗe rahoton batir kafin a ƙirga kuɗi. Sannan ka tambaye shi kai tsaye, ba da faɗa ba, kashi nawa na wannan kuɗi na karatu ne, kashi nawa na wasa. Ɗalibin shari'a ko tarihi ko aikin malanta, wanda rubutu da karatu ne aikinsa, ƙaramar kwamfuta mara nauyi mai daɗewa da caji ta fi masa amfani nesa ba kusa ba. Mai zanen gini ko haɗa bidiyo yana da hujja. Wanda kuma wasa yake so, ya faɗa, a san abin da ake saye.

Mu malamai kuma akwai namu kason. Yaran nan uku sun yi awa uku suna ninkawa da rabawa, suna auna zafi da haske da wuta, suna kafa hujja suna rushe ta abokinsu, babu wanda ya yi musu alkawarin maki. Ba na cewa wasan kwamfuta makaranta ne. Na san ɗaliban da ya cinye musu dare har suka faɗi jarrabawa. Amma na yi shekara fiye da ashirin ina ɗora laifin rashin gane lissafi a kan yara, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko randar da nake kawo musu ta dame su ba.

Ranar Litinin na shiga aji na rubuta a allo: batirin wata kwamfuta yana ɗauke da 60, tana shan 12 a kowace awa idan ana rubutu, awa nawa za ta yi? Hannuwa suka tashi, har na ƴan bencin baya da ban saba gani ba. Bayan an ba da amsa, wata yarinya ta ce, "Mushe, idan wasa ake yi fa?" Na ce to, sai ta sha 60 a awa. Ta ɗan yi shiru tana motsa leɓe, sannan ta ce, "Awa ɗaya tak? Ai gara a jira wuta ta dawo."